Rigar kariya da sandar majalisa: yadda abin ya faro a Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan shafi mu sa baki a maganar da ba ta ƙarewa a jaridu da gidajen rediyo, wato rigar kariyar 'yan majalisa, da sandar majalisa, da karatu ukun da ake yi wa ƙudurin doka. Duk sanda rigima ta tashi a wani zaure, kamar ranar da aka kutsa Majalisar Dattawa a Abuja aka fice da sanda a watan Afrilun 2018, sai ka ji ana cewa ai haka aka gada daga Turawa. Gaskiya ne an gada. Sai dai abin da aka gada ɗin ya zo da sharuɗɗansa, kuma mafi yawansu an ƙera su ne a majalisar Ingila tsakanin 1500 da 1700, kowanne da rikicin da ya haife shi. Wanda ya bi sawun rikice-rikicen nan zai ga gatan na zauren ne a dunƙule, an yi shi don kada aiki ya tsaya, kuma zauren shi ne kan gaba wajen hukunta wanda ya yi wasa da shi.

A wancan zamani majalisa ba ta da lokacin zama nata na kanta. Sarki ke kiranta in yana so, galibi in aljihu ya yi sanyi, shi ke sallamarta in ya ga dama. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi shekara 44 a kan gado, amma majalisa ta yi zama 13 ne kacal, in ka haɗa su duka ba su kai shekara uku ba. Takardar kira kan fito daga ofishin mai riƙe da babban hatimin sarki, aƙalla kwana 40 kafin ranar zama, ta tafi hannun sherif, wato wakilin sarki a gunduma. Kowace gunduma ta Ingila ta aiko da mutum biyu, yawancin garuruwan da ke da haƙƙin wakilci su ma biyu, birnin Landan huɗu. A gunduma, tun dokar 1430, mai jefa ƙuri'a shi ne wanda ke da ƙasa mallakin kansa da ke ba shi sule 40 a shekara. Jama'ar da suka aiko wakili su ke biyansa: sule huɗu a rana ga wakilin gunduma, sule biyu ga na gari. Wannan ya sa ƙananan garuruwa suka riƙa miƙa kujerunsu ga masu hannu da shuni waɗanda za su je ba tare da karɓar ko kwabo ba. Kujerun zauren wakilai sun tashi daga 296 a farkon mulkin Henry na Takwas zuwa 462 a ƙarshen mulkin Elizabeth, alhali ɗakin da suke zama, tsohuwar majami'ar St Stephen da aka ba su a zamanin Edward na Shida, bai isa ya ɗauke su duka a zaune ba. A riƙe wannan ƙarancin wurin zama, zai sake ɓullowa wajen ƙuri'a.

Aikin farko shi ne zaɓen kakaki. A baki zaɓen wakilai ne, a aikace fada ke tsayar da mutum, wani ɗan majalisar sarki ya miƙe ya ambaci sunansa. Shi kuma ya tashi ya yi ta kushe kansa, ya ce bai cancanta ba, har mutum biyu su kama hannunsa su kai shi kujera. Bayan kwana ɗaya ko biyu a gabatar da shi gaban sarki a zauren iyayen ƙasa, wato ɗaya zauren majalisar na bishop-bishop da masu sarauta, ya roƙa wa wakilai abubuwan da aka saba roƙo: 'yancin magana, kariya daga kamu gare su da barorinsu, damar isa gaban sarki, da kuma a yi wa maganarsu kyakkyawar fassara. Kalmar roƙo ɗin nan ita ce tushen rigimar fiye da shekara ɗari. Sarakuna suna cewa abin da aka roƙa kyauta ce, mai kyauta kuwa yana iya hanawa. Wakilai suna cewa gado ne, roƙon ladabi ne kawai.

Zama kan fara wajen ƙarfe takwas na safe da addu'a, a tashi kusan sha ɗaya ko sha biyu, kwamitoci su yi nasu da rana. Ƙuduri yana zuwa ne a rubuce a takarda, kwafi guda, domin ba a buga wa kowa nasa. Shi ya sa karatu a lokacin karatu ne na gaske: akawu ya miƙe ya karanta ƙudurin tun daga farko har ƙarshe da babbar murya, ya miƙa wa kakaki, kakaki ya taƙaita abin da ke ciki. A karatu na ɗaya ba kasafai ake muhawara ba, ana barin mutane su kwana da abin. A na biyu ake fafatawa, sannan a yanke ko a tura shi kwamiti ko a wuce da shi kai tsaye a kwafe shi a takardar fata. Da zarar ya hau fata gyara ya yi wuya, sai dai a kankare kalma ko a ɗinka wani ƙyallen fata a jikinsa, don haka mai gyara ya kawo gyaransa tun ƙudurin yana takarda. Akwai wata ƙa'ida da muke ganin hikimarta har gobe: wanda ya yi magana yana ƙin ƙudurin ɗungurungum ba a sa shi a kwamitinsa, domin a cewarsu ba a ba da renon yaro ga wadda ba ta son sa. Kwamiti na masu son a gyara ne, mai son a kashe ya jira ƙuri'a.

Ladabin muhawara ma a tsare yake. Mai magana ya miƙe, ya cire hula, ya fuskanci kakaki. In biyu suka tashi tare, kakaki ya nuna wanda ya riga. Ba a kiran sunan wanda ake mayar wa martani, sai a ce mai maganar da ta gabata, ko wakilin gari kaza. Ba zagi, ba habaici mai cizo. Kuma mutum ba ya magana sau biyu a kan ƙuduri ɗaya a karatu ɗaya, ko da an karya hujjarsa yana da amsa a baki, don kada mutum biyu su cinye ranar da cacar baki. Wannan ƙa'ida ta takura su sosai a manyan batutuwa irin na haraji, sai a farkon mulkin James na Ɗaya suka samo mafita: zauren duka ya rikiɗe ya zama kwamiti, kakaki ya sauka daga kujera, wani ya shugabanci zaman, kowa ya yi magana iya son ransa. Da wannan dabara sun jefi tsuntsu biyu, domin sun kuma kawar da kakakin da suke zargin kunnen fada ne. A 1604 suka tsayar da cewa batun da aka yanke ba a sake kawo shi a zama guda, kuma da wannan tsohuwar ƙa'ida kakakin zauren wakilan Birtaniya John Bercow ya kafa hujja a watan Maris na 2019. A watan Janairun 1641 suka sa cewa sai da mutum 40 a zaure kakaki zai hau kujera.

Wajen ƙuri'a ne ake ganin yadda ƙaramar ƙa'ida ke juya babbar magana. Da farko da murya ake yi, masu e su ɗaga murya, masu a'a su ɗaga, kakaki ya faɗi wanda ya fi. In an yi musu sai a raba zaure: ɓangare ɗaya ya fita farfajiya, ɗaya ya zauna, a naɗa masu ƙirga daga kowane ɓangare. A ƙudurin sabuwar doka masu e ke fita, bisa hujjar cewa mai son a canza abin da aka saba shi ya kamata ya motsa. Illar a fili take. Mai tsoron in ya fita ya dawo ya tarar an zaune masa wuri sai ya lafe, mai jin kunyar a gan shi ya tashi shi ma ya lafe, duk a ƙirga su cikin masu a'a. A watan Disambar 1601 an kawo ƙudurin tsananta tarar rashin zuwa coci ranar Lahadi. Aka ƙirga, masu e 105, masu a'a 106. Masu e suka ce kakaki ya jefa tasa a yi kunnen doki, aka ce ba shi da ƙuri'a sai in an riga an yi kunnen doki. Sai wani ya yi ƙorafin cewa ya ga an riƙe hannun rigar wani wakili an hana shi fita. Sir Walter Raleigh ya tashi ya ce jan hannun riga ba wani abu ba ne, shi ma ya sha yi. Zaure ya kaure da hayaniya, ƙudurin kuma ya faɗi da ƙuri'a ɗaya.

A zauren iyayen ƙasa, inda bishop-bishop da masu sarauta ke zama, mai riƙe da hatimi ke shugabanta a kan buhun ulu, kuma ana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Su suna da damar wakilta wani ya jefa musu ƙuri'a, abin da ya kai Duke na Buckingham ya tara wakilci 13 a hannunsa, har a 1626 aka taƙaita shi zuwa biyu ga mutum guda. In zaurukan biyu suka saɓa sai a yi taron sulhu, iyayen ƙasa a zaune da hulunansu, wakilai a tsaye kai ba hula. Ranar rufe zama a karanta sunayen ƙudurori gaban sarki, akawu ya amsa da tsohon Faransancin kotu. In an yarda ya ce sarki ya so. In an ƙi, ba a cewa an ƙi, sai a ce sarki zai duba. Sarauniya Anne ce ta yi irin wannan dubawa ta ƙarshe a 1708. Duk ƙudurin da bai kammala ba kafin a rufe zama ya mutu, sai a faro daga karatu na ɗaya. Majalisar 1614 ta yi wata biyu tana zama aka rushe ta ba ta fitar da doka ko ɗaya ba.

To, ga rigar kariyar kanta. Kariya daga kamu ba ta taɓa shafar cin amanar ƙasa, ko babban laifi irin kisa da fashi, ko ta da zaune tsaye ba. Ta shafi ƙarar da mutum ke kai mutum, musamman bashi, domin a lokacin ana ɗaure mai bashi har ya biya. Tsawonta lokacin zama ne da kwanakin zuwa da komawa, wanda daga baya aka tsayar a kwana 40 kafin zama da 40 bayansa. Hujjar ita ce sarki ya kira mutum aikin ƙasa, bai kamata wani ya tare shi a hanya ba.

A majalisar da ta fara zama a 1542, an kama George Ferrers, wakilin Plymouth, a kan bashin da ya tsaya wa wani, aka kulle shi a wani kurkukun Landan. Wakilai suka aika sajansu, wato jami'in da ke riƙe sandar majalisa, da sandar a hannu ya taho da shi. Ma'aikatan kurkukun suka ƙi, aka ba hammata iska har kan sandar ya karye. Wakilai suka ajiye aiki, suka kai kuka zauren iyayen ƙasa. Mai riƙe da hatimi ya ce zai ba su takardar umarni daga ofishinsa, suka ce ba sa buƙata, sandar sajansu ta isa umarni. Aka sake aika shi, aka saki Ferrers, aka tura sherif-sherif na Landan kurkukun Hasumiyar Landan na 'yan kwanaki, Sarki Henry kuma ya goyi bayan wakilai. Daga nan sanda ta samu nauyin da take da shi: alama ce cewa zaure na iya aika kamu da saki da ikon kansa, ba sai ya ari hatimin kowa ba.

Amma akwai wani rami a dokar bashi ta lokacin. In an ɗaure mutum bisa hukuncin kotu sannan aka sake shi, bashin ya faɗi, ba a sake kama shi a kansa, kuma mai kuɗi na iya komawa kan yarin da ya buɗe ƙofa. Masu wayo suka gano haka. A 1576 Edward Smalley, baran wani wakili mai suna Arthur Hall, kotu ta ci shi diyyar fam 100. Sai ya shirya aka kama shi da gangan lokacin zama, don zaure ya sake shi kuɗin su bi ruwa. Zaure ya sake shi, da ya gano makircin kuma ya tura shi Hasumiya wata guda, ya ce sai ya biya. Ubangidansa ya fusata ya buga ƙasida yana zagin zauren, a 1581 aka kore shi daga majalisa, aka ci shi tarar da ta haura fam 300, aka yanke masa wata shida. A 1604 kuma aka kama Sir Thomas Shirley kan bashi kwana huɗu kafin buɗe majalisa. Yarin kurkukun Fleet ya ƙi sakinsa, yana tsoron bashin ya dawo wuyansa, kuma tsoronsa na kan hanya. Wakilai suka jefa shi Hasumiya, har cikin wani ƙuntataccen ɗaki da mutum ba ya iya miƙewa ko kwanciya sosai, kafin ya sallama. Mu a ganinmu an zalunci yarin nan, kuma su ma sun san da gyara, domin a shekarar aka yi doka mai ƙafa biyu: yarin da ya saki ɗan majalisa ba shi da laifi, mai bin bashi kuma zai sake kama mutuminsa bayan an tashi. Ke nan jinkiri aka ba wakili, ba yafiya ba. Ɓarnar da ta daɗe ita ce ta barori, domin wasu wakilai sun riƙa sayar da takardar shaidar bara ga 'yan kasuwar da bashi ya ci, har sai da dokar 1770 ta cire barori daga kariyar.

'Yancin magana ya fi tsada, domin a nan da sarki ake karawa. A 1512 Richard Strode ya kawo ƙuduri kan yadda haƙar kuza ke cike tashoshin jiragen ruwa na Devon da laka. Kotunan masu haƙar kuza suka ci shi tarar fam 160, suka jefa shi kurkukun Lydford kimanin mako uku. Majalisa ta yi doka ta soke hukuncin. A 1523 Thomas More, yana kakaki, ya roƙi Henry na Takwas ya bar kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro, shi ne roƙo irinsa na farko da aka samu a rubuce. Elizabeth kan amsa roƙon da sharaɗi: aurenta, da magajinta, da addini, da hulɗa da ƙasashen waje, ba a taɓa su sai da izininta. A 1593 aka gaya musu a madadinta cewa 'yancinsu na cewa e ko a'a ne a kan abin da aka sa gabansu. Peter Wentworth ya ƙi wannan iyaka. A 1576 ya tashi ya soki yadda ake yawo da jita-jitar abin da sarauniya ke so da wanda ba ta so don a rufe bakin mutane, har ya ce ita ma ta yi kuskure. Abin lura, zauren ne da kansa ya katse shi ya tura shi Hasumiya. A 1593 ya sake ɗauko maganar magaji, aka mayar da shi, can ya mutu.

Zamanin gidan Stuart, wato gidan sarautar James na Ɗaya da ɗansa Charles na Ɗaya, aka daina rufa-rufa. Ranar 18 ga Disambar 1621 wakilai suka rubuta a kundinsu cewa gatansu gado ne na 'yan Ingila, kuma suna da ikon tattauna kowane lamari na ƙasa. James ya aika aka kawo masa kundin, ya yage shafin da hannunsa. Ranar 2 ga Maris 1629 kakaki Sir John Finch ya ce Charles na Ɗaya ya umarce shi ya ɗage zama, ya yunƙura zai tashi, Denzil Holles da Benjamin Valentine suka danne shi a kujera, aka kulle ƙofa har aka zartar da matsayar da Sir John Eliot ya tsara. Dalilin dannewar ƙa'ida ce: in kakaki ya bar kujera ba bisa tsari ba, zama ya watse. Aka gurfanar da Eliot da Holles da Valentine a kotun sarki, Eliot ya ƙi neman afuwa, ya mutu a Hasumiya a 1632, kuma aka yi shekara 11 ba majalisa. Sai a 1668 aka soke wancan hukunci. Ranar 4 ga Janairun 1642 Charles ya zo da kansa da ɗaruruwan masu makami zai kama wakilai biyar, ciki har da John Pym da John Hampden, ya tarar sun sulale ta kogi. Ya tambayi kakaki William Lenthall ina suke. Lenthall ya durƙusa ya ce ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda zaure ya umarce shi, domin shi baransa ne. Daga ranar ba sarkin da ya sake taka zauren wakilai yana zama. Maganar ta samu matsuguni a dokar haƙƙoƙi ta 1689, sashe na 9: abin da aka faɗa ko aka yi a majalisa ba a tuhumarsa a wata kotu ko wani wuri a wajen majalisa. A cikin majalisa kuwa ana tuhumarsa, da kora da ɗauri in ta kama.

Sauran gatan a taƙaice: bayan rikicin Goodwin da Fortescue kan kujerar Buckinghamshire a 1604, zaure ya zama mai hukunci a kan zaɓen 'ya'yansa, abin da daga baya masu rinjaye suka mayar makamin korar abokan hamayya. Haraji daga zauren wakilai yake farawa, kuma a 1671 da 1678 suka tsayar cewa iyayen ƙasa ba sa gyara ƙudurin kuɗi. Muhawara sirri ce, buga ta laifi ne, da farko don kada fada ta san wa ya ce me, daga baya ya koma ɓoye wa masu zaɓe, har rikicin masu buga jarida na 1771 ya karya shi.

Roƙonmu ga wannan jarida shi ne a riƙa rarrabe kalmomi in ana kawo rahoto. Kariyar da sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya bayar ta shugaban ƙasa ce da gwamnoni da mataimakansu. Abin da ɗan majalisa ke da shi kariya ce ga maganar da ya yi a zaure ko a kwamiti, kuma asalinta ke nan da muka zayyana. In an kira duka biyun rigar kariya, mai karatu zai ɗauka wakilinsa ya fi ƙarfin kotu a kan cin hanci ko wani laifi, alhali ko kakakin tsohuwar majalisar Ingila bai tsira a irin wannan ba. A watan Maris na 1695 kwamiti ya gano Sir John Trevor ya karɓi kuɗin zinariya dubu daga hukumar birnin Landan don ya taimaka wa wani ƙuduri ya wuce. Da yake shi ne a kujera, shi ya karanta tambayar ko ya aikata babban laifi, shi ya saurari muryoyi, shi ya sanar cewa masu e sun yi rinjaye. Bai sake hawa kujerar ba, ya aiko cewa ba shi da lafiya, cikin 'yan kwanaki aka zaɓi wani kakaki aka kore shi daga majalisa.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wasu malaman tarihi da shari'a, masu bibiyar wannan shafi.